Mamacin da Yake Buɗe Kabad

Ranar Alhamis da safe Babbar Nas ta ƙirga kwalaben allurar kashe zafi sau uku, kowane karo ana neman goma sha ɗaya. Ba ɓatan ne ya sa ta jawo kujera ta zauna ba. Kabad ɗin ƙarfen da ake ajiye irin waɗannan allurai ba shi da makulli. Sai mutum ya buga sunansa da kalmar sirrinsa a 'yar na'urar da ke jikin ƙofar, ita kuma ta rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Mutum uku kaɗai na'urar ta sani a duk asibitin: Likita mai wurin, Babbar Nas, da Baba Mai Magani. Da ta duba sai ta ga an buɗe kabad ɗin sau goma sha ɗaya da sunan Baba, kullum tsakanin ƙarfe ɗaya da ɗaya da kwata na rana. Baba kuwa yau watansa biyu a ƙasa.

Asibitin ƙarami ne, gado goma sha biyu, doguwar baranda ɗaya da ɗakuna hagu da dama, don haka magana ba ta da nisan tafiya. Kafin rana ta yi tsaka masu jiran kati sun ji, masu jinya sun ji, har wata mata ta tattara kwanukanta ta ce gara ta kai mijinta wani wuri. Rabin mutane suka ce Baba ne bai bar wurin aikinsa ba. Sauran rabin ba su ce komai ba, sai dai duk inda Auta ta gilma idanu su bi ta. Ita ce ƙaramar nas, bara ta karɓi lasisinta, kuma tun rasuwar Baba ita ke zama a tagar ɗakin magani tana miƙa wa mutane ƙwayoyi.

Likita ya ɗaga waya ya kira Mai Sawu.

Ita ce ke gyara wa ƙananan asibitocin yankin kwamfutocinsu. A gabanta Injiniya ake ce mata, a bayanta Mai Sawu, domin a hannun kakanta ta tashi, wani tsoho da ake ɗauka ya bi sawun dabbar da ta ɓata, kuma ta gaji tafiyarsa, kai a sunkuye, ido a ƙasa. Mutane suna ɗauka kunya ce. Rabin abin kam kunyar ce.

Likita ya rufe ƙofar ofis, ya jawo aljihun tebur ya nuna mata wata takarda. Doka ta ce in irin wannan allura ta ɓata sai an sanar da hukuma, kuma ranar Litinin ce iyakarsa. Ba zai rubuta wa hukuma sunan mamaci ba, a ce kansa ya taɓu. Sunan Auta ne a takardar, sa hannu kaɗai ya rage. In takardar ta tafi lasisin yarinyar ya tafi, ba asibitin da zai sake ba ta ko auduga ta riƙe. Ya ce shi ma ba da son ransa ba ne. Amma ita ce a ɗakin, ita ce Baba yake ce wa 'yata, in har akwai wanda tsohon zai faɗa wa sirrinsa to ita ce.

Mai Sawu ta tambaye shi me ya hana a rufe sunan Baba a na'ura tun ranar da ya rasu. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Sau biyu na zauna zan yi," ya ce. "Sai abin ya tambaye ni wai na tabbata ina so in share wannan mutumin. Shekararmu ashirin da uku tare, Injiniya. Na kashe kwamfutar na tashi."

Ta ce a kwashe sauran alluran a kai wani wuri, sunan kuwa a bar shi tukuna. Har ta kama hannun ƙofa ta waiwayo ta tambaye shi ko tasa kalmar har yanzu lambar motarsa ce. Ya ce haba, ai ya ƙara mata harafi biyu a ƙarshe. Da alfahari ma ya faɗa.

*

Ta sami Auta a tagar ɗakin magani, idanu sun kumbura, tana jera kwalaye da ba sa bukatar jeri. Yarinyar ta ce kullum ƙarfe ɗaya takan tashi ta je ta raba wa masu kwanciya maganin rana, kwata ɗaya ta dawo. Ba ta kulle ɗakin, domin firij ɗin asibitin a ciki yake, kowa na shiga, wani ya ɗauki ruwan sanyi, wani ya ajiye kayan gwaji. Ba wanda zai shaide ta, don a wannan lokacin kowa yana ɗakin baya yana cin abinci.

Da aka zo maganar kalmar sirri har ta ɗan yi murmushi. Ta ce Baba ko matarsa ba zai faɗa wa ba. Shi ne ma ya taɓa kama ta ta rubuta tata ta shiga kwamfuta a tafin hannu, ya tsaya a kanta sai da ta wanke da sabulu. Ya koya mata yadda yake yi: ya buɗe littafi a wurare biyar daban-daban, duk kalmar da yatsansa ya faɗa a kai ya ɗauka, ya jera su da lambobi a tsakani. Ba sunan ɗa, ba ranar haihuwa, ba abin da wanda ya san shi zai iya hasashe. Ita dai ba ta bi ba. Tata gajera ce kuma duk asibitin an san ta, don in safar hannu na hannunta sai ta ɗaga murya ta faɗa wa wanda ke kusa ya buga mata.

Ta ce Baba malami ne na gaske. A shekararsa ta ƙarshe ba kwalin da zai miƙa wa mara lafiya sai ya ba ta ya ce ta karanta masa da ƙarfi, wai ya ji ko an koya musu wani abu a makaranta.

"Anti," ta ce a hankali, "in na rantse za a yarda?"

"Ba rantsuwa na zo nema ba. Ki je ki sa wani abu a cikinki."

Babbar Nas ce ta tare ta a baranda, ta ja ta ɗakin shayi, ta kashe murya. Ta zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ta ce a manne ta same ta a ƙarƙashin aljihun teburin Baba, kuma da idonta ta ga Auta tana goge teburin nan sati biyu bayan rasuwar. Dogon rubutu ne, haruffa da lambobi a cakuɗe. Mai Sawu ta karɓa ta duba. Rubutunta ne. Kalmar shiga intanet ɗin asibitin ce da ta rubuta wa Baba shekara biyu da suka wuce. Babbar Nas ta sha toka, ta ce ita dai abin da ta gani ta faɗa, ta buɗe gwangwanin sukari za ta haɗa mata shayi. A cikin murfin gwangwanin akwai wata takardar a manne da filasta. Mai Sawu ta kawar da kai kamar ba ta gani ba.

Mai Gwaji, mai auna jini da fitsarin marasa lafiya, shi ta gani a ƙarshe. Ɗakinsa na manne da ɗakin magani. Ta same shi ya miƙe ƙafar hagu a kan kujera, wadda aka sa wa ƙarfe bayan haɗarin babur shekara uku baya. Mutum ne mai barkwanci, tun kafin ta zauna ya ce in ta kama fatalwar ta kawo masa jininta ya auna, ya ga ko tana da ciwon suga. Ya ce shi kaɗai yake cin abinci a ɗakinsa, don ba mai son tauna loma kusa da kwalaben fitsari. Game da Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, amma kowa ya san ba sa ga maciji. Kullum ƙarfe takwas sai ya shiga ɗakin magani sun yi faɗan firij, tsohon ya cusa gorar ruwansa cikin kayan gwajin mutane. Ya buga ƙofa, su yi ta hayaniya, ya fito.

"Da kisansa za ki zarge ni, da kin sami shaidu," ya ce yana dariya. "Amma sirrinsa? Ko ƙarfe nawa na tambaye shi sai ya ce in sayi agogo."

Duk tsawon hirar yatsunsa na kaɗawa a kan gwiwarsa, su yi doguwar tafiya, su tsaya, su sake. Ta ɗauka ɗabi'a ce irin ta mai ciwo da zama ya gundura.

*

Juma'a da safe ta zauna a ofishin Likita ta buɗe tarihin shigar Baba na shekara biyu. Kakanta ya koya mata kada ta fara daga inda dabba ta ɓace, ta koma baya inda tafiyarta ta fara canjawa.

Ita da kanta ta tsara na'urar: kalma ɗaya ce ke buɗe wa mai izini kwamfutarsa da kabad, kuskure uku ta kulle, kuma duk wata uku sai kowa ya sauya kalmarsa. Shekaru Baba bai taɓa sa ta kulle ba. Sai wata goma sha huɗu kafin rasuwarsa, a cikin sati ɗaya, ta kulle masa sau huɗu. Daga wannan satin kuma bai sake yin kuskure ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. Wani abin kuma: da, ƙarfe bakwai da minti biyar yake shiga. Bayan wannan satin bai sake shiga kafin takwas ba.

Ta fita ta sami Iya Mai Shara tana matse tsumma a bakin famfo. Tsohuwar ta ce ƙarfe bakwai Baba yake zuwa har ranarsa ta ƙarshe, agogo ma ya fi shi latti. Yakan shiga ɗakinsa ya zauna shiru, ko fitila ba ya kunnawa. Ta ce ita tun jiya ba ta shiga ɗakin nan, ko Likita zai kore ta sai dai ya kora.

Ƙarfe ɗaya saura minti biyar Mai Sawu ta sallami Auta, ta zauna a kujerar Baba a bayan ƙofa, inda mai leƙowa ba zai gan ta ba. Asibitin ya yi tsit, irin shirun tsakar rana da ya fi na dare nauyi. Firij na gurnani. Can nesa cokali na bugun kwano. 'Yar fitilar na'urar kabad tana lumshewa tana buɗewa, kore, kore, kamar abin da ke numfashi. Ɗakin har yanzu yana ƙamshin man zafin da Baba yake shafawa a wuya.

Ƙarfe ɗaya da minti shida ta ji taku. Takalmin roba ne, irin wanda kowa a asibitin yake sawa. Takun ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ta ga inuwa ta tare hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofar. Ba a taɓa hannun ƙofa ba, ba a yi tari ba, ba a yi sallama ba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ƙirga numfashinta har goma sha biyu, sannan inuwar ta janye. Kafin ta zagayo ta buɗe, barandar ba kowa, ƙofofi takwas duk a rufe.

Tana tsaye a nan ta ga abin. A wannan lokacin rana takan faɗo ta tagar ƙarshen baranda ta kwanta a jikin bango, kuma a kan farin fentin akwai wani dogon zane mai duhu-duhu, faɗin tafin hannu, daidai ƙugun mutum. Ta bi shi. Daga ƙofar shigowa ya taso, ya tsallake kowace ƙofa ya ci gaba, ya lanƙwasa a kusurwa, ya mutu a jikin ƙofar ɗakin magani. Ta sa hanci. Man zafi.

Iya Mai Shara ta ce sau uku tana wanke shi tun bayan rasuwar, kwana biyu sai ya sake fitowa. Mai Sawu ta san maiƙo ne da ya shige fenti, amma ba ta gyara mata ba. Ta koma ɗakin magani ta durƙusa, ta shafa gefen kantocin da yatsa. A ƙarƙashin kowane layi akwai gutsattsarin filasta a manne, nan ɗaya, nan biyu, nan uku a jere. Wasu kwalaben an ɗaura musu roba a wuya. Duk alamu ne da aka yi domin yatsa.

*

Matar Baba ta karɓe ta a falo, hoton marigayin a bango yana kallonsu. Da farko ta ce lafiyarsa ƙalau har ciwon da ya ɗauke shi. Mai Sawu ba ta yi musu ba, ta dai ce akwai yarinyar da za ta rasa aikinta ranar Litinin, wadda yake ce wa 'yata. Matar ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin akwatin ƙarfe, makullinsa a rataye a wuyanta.

Littafi ne a ciki. Kowane layi kalmomi biyar da lambobi, an soke shi da jan biro an sa kwanan wata, da rubutun Baba mai tsabta kamar bugun inji. Zuwa ƙarshe rubutun ya fara girma, yana hawa yana sauka, layin ƙarshe ya cinye rabin shafi ya zarce ya faɗi ta gefe. Kwanan watansa wata goma sha biyar kafin rasuwar. Daga nan farar takarda. Na'ura kuwa ta nuna an sauya kalmar sau huɗu bayan haka.

"Tsakiyar idon ne ya tafi," matar ta ce. "Gefe-gefe yana gani. Ya ce in Likita ya sani zai sallame shi da girmamawa, shi kuma girmamawar ce zai mutu a cikinta. Ya rantsar da ni, 'yar nan."

Ta tambaye ta wa ke buga masa kalmar. Matar ta ce bai taɓa faɗa ba. Abin da ya ce kawai, akwai wanda ya rufa masa asiri, shi ma ya rufa wa mutumin nasa.

A cikin motar haya tana komawa wani abu ya faɗo mata, har sai da ta dafe kujerar gabanta. Ta zaro littafin da take rubuta ayyukanta. Wata takwas baya, Baba ya kira ta kwana biyar a jere, wai kwamfutarsa ta lalace. Kullum ta zo ba ta ga komai ba, ta shiga da sunanta na gyara don ta gwada, ya ce ta bar masa a buɗe kar ta sake rikicewa. Ta bari. Yana mata godiya yana kallon kunnenta, ta ɗauka kawaici ne irin na manya. Ita da ake ce wa Mai Sawu, sau biyar ta taka sawun ta wuce.

Ba ta tafi gida ba. Ta koma asibiti ta ce Babbar Nas ta ba ta tsohon jadawalin aiki, ta buɗe wannan satin, ta bi sunaye da yatsa ta ga wanda ba ya nan.

*

Asabar da hantsi ta ce a taru a ɗakin magani. Likita ya zo da takardarsa a aljihun riga. Babbar Nas ta tsaya ta harɗe hannu. Auta ta raɓe kusa da firij. Mai Gwaji ya jawo kujera ya miƙe ƙafa, ya ce yana fata an gayyaci marigayin, tunda taronsa ne. Iya Mai Shara ta ƙi wuce bakin ƙofa.

Mai Sawu ba ta iya magana a gaban taro ba, don haka ƙasa take kallo tana yi. Ta ce kalmar Baba ba a hasashe ta ba, ba a kuma sace ta a takarda ba. Irin tasa, na'ura sai ta shekara dubbai tana gwadawa ba ta dace ba. Ta nuna musu zanen bango, ta sa Likita ya shafa filastan da ke ƙarƙashin kantocin. Ta ce fiye da shekara Baba ba ya ganin rubutu. Auta ta ɗaga kai a hankali, bakinta ya buɗe, ta dubi kwalayen da ta yi ta karanta masa tana zaton jarrabawa ce.

Ta ce kwali ana iya sa wani ya karanta da dabara, amma doguwar kalma da ke fitowa ɗigo-ɗigo a na'ura dole sai an ba wani ita gaba ɗaya. Baba yakan zo bakwai ya zauna awa guda a gaban kwamfutar da ba zai iya buɗewa ba, yana jira. Ƙarfe takwas wani ya shigo, ya rufe ƙofa, ya ɗaga murya don kowa ya ji faɗa ake yi. Da minti biyu ko uku kwamfutar ta buɗe. Haka kullum, ban da sati ɗaya, satin da aka kwantar da Mai Gwaji aka sake duba ƙarfen ƙafarsa. A wannan satin ita Baba ya kira.

Mai Gwaji ya yi dariya, ya ce wannan ai labari ne mai daɗi, a kai gidan rediyo. Ya dubi Likita, ya dubi Babbar Nas, ba wanda ya taya shi. Mai Sawu ta ɗaga ido a karo na farko, ba fuskarsa ta kalla ba.

"Malam, ka daina buga ta a gwiwarka," ta ce. "Shekaranjiya na ɗauka kiɗa ne. Bugu ashirin da tara ne, ka tsaya, ka sake."

Kowa ya dubi hannun. Yatsun suka ƙarasa tafiyarsu kafin su tsaya, kamar ba su ji abin da aka ce ba. Ya ɗora ɗaya hannun ya danne su.

Da ya yi magana, muryar barkwancin ta tafi. Ya ce shi ya fara gane Baba ba ya gani, Baba kuma ya fara gane cewa shi allurar da aka yi ta masa bayan haɗari ba ta sake shi ba. Suka riƙe wa juna. Shi yake zaɓo kalmomin daga littafi yadda tsohon ya tsara, shi yake bugawa. Muddin Baba na raye bai taɓa kwalba ɗaya ba, don kowace yamma tsohon yakan ƙirga su da yatsa a gabansa, ɗaya-ɗaya, yana kallon gefen fuskarsa. Bayan rasuwar ya yi sati uku yana daurewa. Wata rana ya shigo ɗaukar kaya a firij, ɗakin ba kowa, ƙafar na ci kamar ana hura mata wuta.

"Wallahi ko yanzu ki ce in faɗe ta da baki ba zan iya ba," ya ce. "Ba a kaina take ba. Na tsaya a gaban abin nan ne kawai, sai na ji ƙofar ta buɗe. Na ce ai sunan wanda ya tafi ne, ba mai rai da zai cutu."

Likita ya tambaye shi to ranar Litinin fa, da takardar ta tafi da sunan yarinyar nan, me zai yi. Mai Gwaji ya buɗe baki ya rufe. Suka jira. Firij ya yi gurnaninsa ya gama.

Likita ya zaro takardar ya yaga gida huɗu. Ya ce Mai Gwaji ya je ofis ya jira shi, akwai wata takardar da za su rubuta tare, akwai kuma wani likita da zai kai shi wurinsa yau ɗin nan. Mutumin ya tashi yana jan ƙafa. Iya Mai Shara ta matsa masa hanya fiye da yadda yake bukata.

Babbar Nas ta je ta dafa kafaɗar Auta, ta ce ta yi haƙuri, ai kowa ya san ba za ta aikata ba. Auta ta dubi hannun har sai da aka ɗauke shi.

Mai Sawu ta rufe sunan Baba da hannunta, sannan ta ce ba wanda zai fita sai ya sauya kalmarsa, kowa da tasa, doguwa, ba a murfin gwangwani ba, ba lambar mota ba, kuma ba a faɗa wa kowa ko da hannu na cikin jini. Likita ya ce a ƙara sunan Auta cikin masu buɗe kabad, tunda ita ke riƙe da ɗakin. Ya faɗa yana murmushi, yana jiran godiya.

Auta ta ɗauko littafin magunguna daga kan kantocin, ta buɗe shi a wurare biyar, ta rufe. Ta zauna a gaban na'urar ta ɗora yatsu, amma ba ta buga ba. Ta waiwayo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka kwana biyu suna bin ta da ido.

"Ku juya baya," ta ce.

Babbar Nas ta fara cewa haba 'yar nan, ai mu ne. Auta ba ta maimaita ba, ta dai ci gaba da kallonta. Likita ne ya fara juyawa. Babbar Nas ta bi. Iya Mai Shara ta juya a bakin ƙofa ta fuskanci baranda.

"Har ke, Anti."

Mai Sawu ta juya ta fuskanci bango. A bayanta maɓallai suka fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta ji kanta ta fara ƙirgawa, huɗu, biyar, shida. Ta ɗaga hannu biyu ta toshe kunnuwanta.